Sawun Jak Biyu a Kwanar Ɗorawa

Wata mai tallar nono ce ta fara ganinta, rana ba ta gama fitowa ba, a Kwanar Ɗorawa, kan burjin da ya taso daga ƙauyen Gidan Marke ya shiga Getso. Da farko ta ɗauka wata ce ta gaji ta kishingiɗa a gefen hanya, don a lulluɓe take tun daga kai har ƙafa. Sai da ta yi sallama sau biyu ba a amsa ba, sannan ta sauke ƙwaryarta ta ɗaga bakin mayafin. Ihunta ne ya fito da manoma daga cikin dawa.

Gwamma ce, ungozomar Gidan Marke. Rabin samarin da suka taru a kanta da safen nan ita ta yanke musu cibiya. Mota ce ta buge ta, wannan ba sai an faɗa ba, amma babu motar, babu mai motar.

Kafin a kawo abin ɗaukarta, magana ta riga ta tsaya a kan mutum ɗaya.

"Hambali na gani ya fito ta nan da sassafe," in ji wani.

"Hambali mai Golf ɗin haya? Wanda sai fasinja sun yi salati uku motarsa ke tsayawa?"

"Shi fa. Ku je ku ga gaban motar, a lotse yake."

Samari suka hau babura suka nufi tashar Gwarzo. Dattawa suka bi gawa.

Mutum ɗaya ne bai bi kowa ba. Malam Datti, tsohon maharbi, shi ake kira a Getso da kewaye in an kore shanu ko an fasa rumbu, ya bi sawu. Gwamma taubashiyarsa ce. Tun suna yara take tsokanarsa, har ranar kasuwar da ta wuce ta ce masa idonsa ya mutu, sawun jaki ma sai ya sa tabarau. Ya sari farar ƙaya ya kewaye wurin da ba a riga an tattake ba, ya tsuguna.

Ruwan da aka yi kafin asuba ya wanke burjin tas kamar allo, duk abin da aka rubuta a kai bayan ruwan ne. Motar daga Getso ta fito, ba daga Gidan Marke ba. Tayoyinta huɗu masu faɗi ne, zanensu iri ɗaya. Da ta kusa kwanar sai zanen tayoyin gaba ya ɓace, ya zama shafe kamar an ja buhu a laka. Hanya ta karkata, motar ta miƙe. Ta bugi wadda ta buga, ta je ta daki kututturen ɗorawar da aka sare bara, ga ɓawon roba a jikinsa. Tayar gaba ta dama ta fashe a nan.

Motar da ba ta da birki ba ta barin irin wannan shafe, tayoyinta suna juyawa har ta yi ɓarnarta. Wannan birki ta yi, har ya yi mata yawa.

Sai abin da ya daɗar da shi a tsugunne. An kafa jak a gaba, inda tayar ta fashe. Wannan daidai ne. Amma an kuma kafa shi a baya, ga ramin gindinsa, ga ɗan dutsen da aka tokara. A inda motar ta juya don komawa Getso, sawun gaba da na baya suka rabu, ya ga siririyar tayar nan da ake ajiyewa a but don ranar tsiya, sifiya, a baya take. Gaba ta fashe, baya aka sa wa sifiya. Mutumin da gawa ke kwance kusa da shi ba ya ƙara wa kansa aiki a banza.

Kuma mutumin bai yi mata irin na baƙo ba. Taku kaɗan kafin inda ta faɗi, ya cire takalmansa ya jera su. Daga nan ƙafa ce tsirara, babban yatsan hagu a buɗe, ya ware daga 'yan'uwansa. Ya durƙusa har gwiwoyinsa suka nutse. Ya ɗauke ta ya kai kan ciyawa, ya kwantar da ita a kan damanta tana duban gabas, ya ajiye mata ƙunshinta a gefen kai.

Sawun Golf ɗin Hambali yana nan shi ma, amma a kan wancan ya hau, ya ɗan kauce, ya wuce.

Kafin Datti ya isa wurin dagaci da wannan magana, an riga an fasa gilasan motar Hambali a tasha, an karya masa hannu. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi da ƙyar.

*

A zaman makoki, Datti ya bari sai da masu gaisuwa suka ragu, ya matsa kusa da Bashari, ɗan Gwamma tilo.

"Ya haƙuri, Bashari?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Baba."

"Me ya fitar da ita da sassafe haka?"

Bashari ya nuna wani saurayi da ke can gefe yana shimfiɗa tabarmi. Musbahu ne, mai shagon taki da maganin feshi a bakin Getso, mijin Zubaidatu, autar Datti. A safiyar da Gwamma ta rasu Zubaidatu ta sauka a asibitin Gwarzo, 'ya mace, bayan ɓari biyu da shekarun jira.

"Shi ya bugo waya ana kiran assalatu, ya ce naƙuda ce, Inna ta shirya zai zo da mota. Tana idar da salla ta ɗauki ƙunshinta. Na ce, Inna, ki jira motar mana. Ta ce, 'Kai da ka zo duniya, motar wa ka jira?'" Bashari ya yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan."

Musbahu ya ji ana zancensa. Ya zo ya tsuguna daga nesa, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi.

"Abin ne ya tsananta, Baba. Na ga jini, ban iya biyowa ta nan ba, na miƙe da ita Gwarzo. Da na zo na ɗauki Inna..."

"Kai, bar wannan," in ji Bashari, ya dafa kafaɗarsa. "Baba, yaron nan daga asibiti ya taho da likkafani. Tun ranar bai bar tabarmar nan ba, shi da aka yi wa haihuwa. Ɗan da ta haifa ma iyakarsa ke nan."

Datti ya ce Allah ya yi albarka. Ya ji daɗin maganar a ransa, kuma ya daɗe yana tuna cewa ya ji daɗinta.

*

Hambali yana zaune a kan benci a ofishin 'yan sanda, hannunsa ɗaure da karan ɗori, ido ɗaya a kumbure.

"Baba Datti, kai ma ka zo kallon mai kisan kai?"

"Ji na zo yi."

"To ka ji. Na gan ta. Wallahi na gan ta, a lulluɓe. Na taka birki, ka san birkina, sai da na wuce ta da gona guda sannan motar ta ga dama. Na leƙa ta madubi. Na ce, Hambali, kai da kowa ya san halin motarka, in ka tsaya a nan kai ne. Na tafi. Ga shi ban tsaya ba ma ni ne."

"Lotsewar gaban fa?"

"Tun babbar Salla. Katangar masallacin tasha ce shaidata, ita ma har yanzu ba ta warke ba."

"Tayarka ta fashe ranar?"

"Ranar dai ta yi mini mutunci."

"Sifiyarka ƙarama ce?"

"Baba, ni tayoyina duka biyar sifiya ne."

Ya so ya yi dariya, haƙarƙarinsa ya hana. Sannan muryarsa ta sauka.

"Sun ce bayan sadakar bakwai za a kai ni kotu. Matata ta daina suyar ƙosai, ba mai saye. Jiya an jefi ɗiyata a bakin famfo. Ita fa Gwamma ita ta karɓi 'ya'yana duka. Laifina ɗaya, na gan ta a kwance na wuce. Wannan ko sun sake ni yana nan."

*

Garejin Mahbub yana ƙarƙashin wata darbejiya a hanyar fita Gwarzo. Yana hango Datti ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu.

"A'a, Baba mai bin shanu, yau kuma motoci ake bi?"

"Shanun ne suka koma hawa mota."

Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, aka yi ta'aziyya. Datti ya ɗauki tsinke ya zana mota a ƙasa, ya ɗiga gaba, ya ɗiga baya.

"Taya ɗaya ta fashe, a gaba. An kafa jak nan, an kafa nan. Sifiya ta koma baya. Wane irin mutum ke yin haka?"

"Mahaukaci," in ji Mahbub. "Ko kuma kwastomana."

Ya shiga rumfa ya fito da wani faifan ƙarfe da wani dunƙulallen ƙarfe mai baki.

"Ka ga wannan faifan, tare yake juyawa da taya. Wannan kuma shi ke cafke shi in an taka birki, kalifa muke ce masa. Wani birkin da motarsa ta zo da shi ba ya isarsa, sai mu cire na gaba mu ɗora na babbar mota. To babban kai sai babbar hula. Rim ɗin da, ƙarfen nan da taya ke zaune a kai, lamba sha huɗu ne, ba zai rufe sabon kalifa ba. Sai sha shida, shi ma sai mai zurfin ciki, wanda ramukan notinsa suka dace. Mutum ya je ya zaɓo huɗu masu ƙyalli, ya manta da wadda ke kwance a but. Ranar da gaba ta fashe ya ɗauko tsohuwar sifiyarsa, ta ce ba ta san zancen ba. Dole ya ciro ta baya ya kai gaba, ya sa ƙaramar a baya, tunda birkin baya ba a taɓa shi ba. Ga jak ɗinka biyu."

"Irin wannan birkin, in a laka ne fa?"

"In ka danne shi a firgice? Ya kama ƙam, tayoyi su daina juyawa. Kana murza sitiyari tana miƙewa. Ka zama kwale-kwale."

"Mutum nawa ka yi wa aikin?"

"Bana biyu. Alhaji Ahnaf na Kabo, mai sayen hatsi, wanda ke yawan shiga ƙauyukanku. Sai kuma..."

Mahbub ya tsaya. Ya dubi zanen da ke ƙasa, ya dubi Datti. Ya sake goge hannun da ya riga ya goge.

"Sai surukinka. Baba, ai ka san tun da birki ya ƙi wa yayansa a gangare ya rasu, yaron nan ba ya yarda da mota. Ya zo ya ce mini, Oga, iyalina na da juna biyu, ina son motar da in na ce mata tsaya za ta tsaya."

Datti ya sani. Shi aka fara kawo wa motar da aka gama aikin, ya dafa ta ya yi addu'a.

"Rim nawa kowannensu ya saya?"

"Wannan sai ka tambayi Ƙofar Ruwa, can Kano suka sayo. Ni dai na ce wa kowa biyar."

*

Datti ya hau motar Kabo da wani fata da bai taɓa ɗauka zuwa bin sawu ba, fatan ya sami laifi a gidan wani.

Alhaji Ahnaf ya karɓe shi a ƙofar sito, ya amsa cewa yana bin hanyar Gidan Marke, ya amsa cewa ya sa babban birki. Da aka zo kan buɗe but sai ya miƙe tsaye.

"Ni za a buɗe wa but kamar ɓarawon awaki? Malam, da furfurarka? In dagacinku na son ganin but ɗina ya aiko, in zo in buɗe a gaban jama'a, in ga wanda zai ji kunya."

Datti ya dawo yana riƙe da wannan ƙin kamar mai riƙe da garwashi a damina. Mai gaskiya ma yana fushi, ya sani. Amma ya riƙe.

*

Zubaidatu tana gidansa, ta zo wankan jego. Da la'asar ya tarar matarsa Sabuwa ta gama yi mata wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya, ruwan ya bi rariya ya jiƙe ƙofar gida. Ya yi sallama a bakin ɗakin. Da yake auta ce, ba ya yi mata kara irin ta ɗan fari, ya zauna a bakin ƙofa aka miƙo masa jaririyar.

"Baba, ka rame," in ji Zubaidatu. "Ni ma ba na barci. Gani nake ni na kira Inna Gwamma ga ajalinta. Da Malam ya same ta a hanya da duk haka ba ta faru ba."

Malam take ce wa mijinta. Datti bai ɗaga kai daga fuskar jaririyar ba.

"Ya fita nemanta ne?"

"Ya fita mana. Ya daɗe, har na fara kalmar shahada. Ya dawo shi kaɗai, laka har gwiwa, ya ce taya ce ta fashe masa ya juyo. Ya ɗauke ni kamar ba shi ba, ko magana ba ya yi. Tsoro ne, Baba, ka san abin da muka gani a baya." Ta gyara wa jaririyar hula a hannunsa. "Ka san sunan da ya yi mata huɗuba da shi? Hajaratu. Sunan Inna Gwamma na yanka. Tun a asibiti fa, mu ko labarin rasuwar ba mu ji ba. Ka ga ikon Allah?"

"Na gani," in ji Datti.

Ya miƙa mata 'yarta da hannu biyu, a hankali, ya fita.

Yana zaune a dakalin ƙofar gida Musbahu ya iso. Kamar kullum, tun daga nesa ya cire takalmansa ya jera su, ya tako ƙafa tsirara a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya tsuguna.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai, Malam Musbahu. Ya masu makoki?"

"Da godiya."

Shekara nawa yaron nan yana cire masa takalmi, bai taɓa duban ƙafarsa ba. Wa ke duban ƙafar suruki? Yau ya duba. Sawu huɗu ne daga takalman zuwa inda ya tsuguna, babban yatsan hagu a buɗe.

"Gobe dagaci zai tara masu motoci," in ji Datti, yana duban bakin zaure. "Ni ƙasa ta riga ta yi mini magana. Na fi so in ji daga bakin mutum, tun ba a taru ba. In mutum ya je da ƙafarsa, ni zan raka shi."

Musbahu ya buɗe baki. Daga cikin gida jaririyar ta tsala kuka. Ya rufe bakin, ya saurara har aka rarrashe ta.

"Allah ya kai mu, Baba," ya ce.

Da ya tafi, Datti ya zauna da sawun a gabansa. Tsintsiyar Sabuwa tana jingine a bango, hannu zai iya kaiwa. Ba wanda ya ga abin da ya gani a kwanar nan sai shi, ruwa kuma ya sake sauka tun daga ranar. In ya ce sawu ya ɓace masa, ba mai musu, an ce ma idonsa ya mutu. Ya tuna wadda ta faɗi haka. Ya tuna yarinyar da aka jefa a bakin famfo. Har aka kira magariba bai taɓa tsintsiyar ba.

*

Jajiberin sadakar bakwai, wadda ta zo daidai da jajiberin suna, motoci uku suka tsaya a ƙofar gidan dagaci. Golf ɗin Hambali ba gilashi, an jawo ta da igiya. Shi kansa wani saja ya kawo shi. Alhaji Ahnaf ya zo da babbar riga da babban fushi. Ta uku ƙarama ce ruwan toka mai sababbin rim, ta Musbahu, wadda jama'a suka ɗauka an kira ne don a cika lissafi. Bashari yana zaune kusa da dagaci.

Datti ya miƙe. Bai iya dogon jawabi ba. Ya faɗi abin da ƙasa ta nuna: inda motar ta fito, shafen birki, kututture, jak biyu, sifiya a baya.

"Saboda haka kowace mota za a cire tayarta ta gaba a gwada mata sifiyarta. Wadda tata ta shiga, ba ita ba ce. Mahbub zai yi aikin."

Aka fara da ta Hambali. Sifiyar ta shige kamar an kira ta.

"Ba na ce muku ba?" in ji Hambali. "Ita motar nan komai aka ba ta karɓa take, birki ne kawai ba ta taɓa samu ba."

Ba wanda ya yi dariya. Samarin da suka je tasha ranar suka fara duban ƙasa.

Alhaji Ahnaf ya buɗe but da kansa, ya daki murfin. Sifiyarsa sabuwa ce fil, lamba sha shida, irin sauran huɗun.

"Biyar aka ce, biyar na saya! Ni ba na rabin aiki. Malam mai sawu, ka gani ko in kawo maka tabarau?"

Datti ya ce ya gani, ya ba shi haƙuri. Garwashin da ya riƙo daga Kabo ya mutu a nan.

Mahbub ya ja jak ɗinsa zuwa mota ta uku, ba ya sauri. Ya buɗe but. Siririyar taya ce, tsohuwa, da jar laka busasshiya a cikin zanenta. Ya ɗago ta, ya tsuguna, ya ɗora sifana a kan noti na farko.

"Bari, Oga Mahbub."

Musbahu ne. Ya cire takalmansa, ya tako tsakiyar fili, ya durƙusa, ba gaban dagaci ba, gaban Bashari.

"Kada ka wahalar da kanka. Ba za ta shiga ba. Na gwada ta a ranar, na sake gwadawa."

Ya juyo ya fuskanci Bashari.

"Inna na je ɗaukowa. Ina sauri. Na shawo kwanar na gan ta a tsakiyar hanya da ƙunshi a ka. Ta gane motar, har ta ɗaga mini hannu. Na danne birki da duk ƙarfina. Birkin da na sa don kada... Da na isa gare ta da sauran numfashi. Ta ce, 'Ita fa?' Na ce tana gida. Ta ce, 'To me kake yi a nan?' Ba ta ƙara cewa komai ba."

Wata tsohuwa a bayan danga ta fashe da kuka.

"Na ce in na kai ta asibiti zan dawo in faɗa. Aka ce an sauka, aka miƙo mini yarinya. Na ce gobe. Na ji an kama Hambali, na ce gobe. Kullum in na zo tabarmar nan da maganar a bakina nake zuwa."

Bashari ya dube shi. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Kai ka kawo likkafanin. A bakin kabari na riƙe hannunka ina yi maka godiya. Musbahu, da ka zo mini da safen nan da lakarka ka ce, Bashari, ni ne, wallahi da ni zan raka ka asibitin. Bugun mota tsautsayi ne, ba wanda ya fi ƙarfinsa. Zaman da ka yi kusa da ni kana karɓar gaisuwar uwata fa, shi ma tsautsayi ne?"

Ya tashi ya bi ta cikin mutane ya tafi, bai waiwaya ba.

Saja ya kwance Hambali. Hambali ya zo ya tsaya a kan Musbahu da karyayyen hannunsa a ƙirji.

"Ni da ba ni da birki," ya ce. Jama'a suka jira ƙarashen barkwancin. Bai zo ba. Ya sa hannunsa mai lafiya ya rufe fuska.

Kafin a sa shi a mota, Musbahu ya roƙi saja, ya zo ya tsuguna nesa da Datti, inda ya saba tsugunawa.

"Baba, gobe suna."

"Na sani."

"Ragon yana bayan shago."

"Na sani."

*

Washegari aka raɗa suna a ƙofar gidan Datti. Mutanen ba su cika tabarma biyu ba, sauran suna Gidan Marke wurin sadaka. Liman ya duba inda uban yarinya ya kamata ya zauna, ya juyo ya dubi Datti. Datti ya matsa ya faɗa masa sunan a kunne. Aka yanka rago, aka shafa fatiha, aka watse ba maroƙi.

Hantsi ya ɗaga sai ga Bashari a kan keke. Bai sauka ba, ƙafa ɗaya ya sa a ƙasa. Ya miƙo wani ɗan ƙunshi a tsohon zane, da busasshiyar laka a gefensa.

"Reza ce sabuwa da zare da sabulun salo. Ƙunshin Inna ne, don yarinyar nan ta ɗauko shi. Ba na iya ganinsa a ɗakin."

"Bashari..."

"Kada ka tambaye ni komai yau, Baba."

Ya juya kekensa.

Datti ya shiga gida da ƙunshin. Sabuwa tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Tun jiya da labari ya iso, Zubaidatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abu ɗaya ta tambayi uwarta, ko maganar da ta yi wa Baba a ɗaki tana cikin abin da aka kama shi da shi. Aka ce mata a'a, taya ce. Ta ce to, ta saki labule.

Ya tsaya a bakin ƙofar. Yana jin motsinta a ciki, yana jin 'yar ƙaramar Hajaratu tana tsotso.

"Salamu alaikum."

Ya jira. Ya saba jira, a bakin rami, a gindin sawu, rana ta fito ta faɗi.

"Salamu alaikum, Auta."

Labulen bai motsa ba. Ya sunkuya ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofa, inda ƙafa ba za ta taka ba, ya zauna a ƙasa kusa da shi.